Fis a Hular Baballe

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Rano zuwa Kano a shekarun nan ya san Baballe, ko bai san sunansa ba ya san takun birkinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son hira a kan hanya, amma in ya tsayar da mota, ko ƙwaryar nono ce a cinyarka ba za ta zube ba. Direbobin tasha, waɗanda yabon ɗan'uwansu ke yi musu wuya kamar cire haƙori, su ma a kan wannan sun sallama masa tuntuni.

Lokacin da siyasa ta dawo, an ba wani ɗan kwangila aikin hanya daga wajen Kibiya ta bi ta gefen Kahu. Ya zo da manyan motoci, ya share daji, ya zuba burji ja wur mai faɗin da motoci uku za su jera, ya haƙa wani ƙaton ramin kwalbati a ƙarshenta. Sai aka yi zaɓe. Ya kwashe kayansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Manoma suka yi ta Allah ya isa. Direbobi kuwa, Allah ya shirye su, cewa suka yi an share musu fili.

Daidai lokacin ne 'yan Hisba suka hana wasan mota a bikin aure, kuma da gaskiyarsu, don ƙafafun bayin Allah da aka karya a bukukuwan nan ba kaɗan ba ne. Sai direbobi suka yi gayya suka tafi wurin Malam Muhammad Sani, mai makaranta a Kahu, dattijon da ko 'yan Hisbar sai sun tuɓe takalmi daga nesa kafin su shiga zaurensa. Ya saurare su har suka gaji da magana, sannan ya ce ya yarda, amma sau ɗaya a shekara, a ƙarshen bazara kafin a shiga gona. Ba caca, ba kiɗa, a watse kafin magariba. Shi da hannunsa zai zuba layin toka a ƙarshen hanyar, ɗan nesa da ramin kwalbati. Ranar da jinin wani ya zuba kuwa, ranar wasa ya ƙare har abada.

Dokar wasan ba ta da wuya. Motoci biyu ke tashi tare daga gindin wata tsamiya, su zubo a guje. Wanda ya riga isowa ya tsaya cak bai taɓa toka ba, shi ya ci. In tare suka tsaya, a auna da hannu, wanda tayarsa ta fi kusa da layi ya ɗauka. Wanda ya haye toka ko da faɗin yatsa ne, ya koma gida matarsa ta yi masa jaje. Abin da ake wa duk wannan wahala jelar bijimi ce, wadda wani Bafulatani mai son kallo ya bayar a shekarar farko, ana rataya ta a madubin gaban motar wanda ya ci. Tun daga wannan shekara jelar tana motar Baballe, har rana ta cinye mata launi.

To, akwai abin da tasha ba ta sani ba. Tun daminar da ta wuce ƙafar damar Baballe ta fara rawa. Ba kullum ba. Sai ya danne abu da ƙarfi, ko ya daɗe a tsaye, sai ta kama karkarwa daga gwiwa zuwa diddige, ba ta jin bari. Mutum ne mai tsoron Allah, bai yi gardama da ita ba: ya miƙa motar hayarsa ga wani, ya ce aikin ƙungiya ya yi masa yawa, ya koma zaman benci a tasha yana rabon sulhu. Matarsa Zainaba ce kaɗai ta sani, don ita ke gasa masa ƙafar da ruwan zafi. Ya gaya mata wasan bana shi ne na ƙarshe. Abu ɗaya yake roƙon Allah, ya sauka da jelar nan a madubinsa, a ce Baballe ya bar wasa ba a taɓa kayar da shi ba. Kada kowa ya ga laifinsa. Mutumin da bai tara gona ba, bai tara shanu ba, wannan jelar ce abin da ya tara.

A tashar nan kaf, mutum ɗaya ne zai iya karɓe ta, wato Nasir. Shi ne yaron motar Baballe a da, a hannunsa ya koyi sitiyari, ya sha ranƙwashi ba adadi a kan kuloci. Yanzu ya zama magidanci mai gemu, direban kansa, kuma a shekarar nan ya sayo wata shuɗiyar mota 'yar Kwatano, wadda in ta tashi daga gindin tsamiya sai tsohuwar motar Baballe ta zama kamar amalanke. Gudu kam ba a magana. Tsayawa ce ta gagara.

Duk sa'ad da Nasir ya je gwaji a kan burjin ya danne birki, sai birkin ya riƙa ture masa tafin ƙafa yana gurnani, motar kuma ta yi ta tafiya abinta, ta haye inda toka za ta kasance, ta je ta tsaya tana leƙen ramin kwalbati. Ya kai ta gareji a Rano, aka sake mata takalman birki, aka zuba sabon mai, bakanike ya gwada ta a kwalta ta tsaya kamar an ɗaure ta, ya rantse lafiyarta ƙalau. Aka koma burji, jiya i yau. Daga nan masu bakin tasha suka karɓi zance. Wani ɗan kamasho ya ce ai Baturen da ke da motar a cikinta ya mutu, ƙafarsa ce ke ture ta Nasir. Wallahi manyan mutane masu iyali suka yarda da wannan magana. Aka yi wa mota hayaƙin habbatussauda, aka yayyafa mata rubutu har cikin but, Bature dai bai ɗauke ƙafarsa ba.

Wata la'asar Baballe ya hau acaɓa ya je kallon gwajin, ya tsaya daga gefe. Gani ɗaya ya yi ya gane. A samartakarsa ya yi shekaru yana koro motoci daga Kwatano, ya san irin birkin nan da ake kira ebiyes. Don kwalta mai santsi aka yi shi. In ka danne, wata na'ura ce ke kama taya tana saki da saurin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba, don kada tayar ta ƙulle mota ta zame da kai. A ruwan sama, Allah kaɗai ya san rayukan da abin nan ya tsare. Amma burji ba kwalta ba ne. A burji so ake taya ta ƙulle ta nome ƙasa, ta tara tsakuwa a gabanta kamar yadda garma ke tara kunya, tarin nan shi ke tsayar da mota. Na'urar kuwa ba ta yarda taya ta ƙulle. Maganin abin ɗan fis ne guda mai ba na'urar wuta, a cikin akwatin da ke ƙarƙashin bonet, bai kai ɗan yatsa ba, in aka zare shi na'urar ta daina aiki.

Ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba. Gaskiya ita ce daɗi ya fara ji, kuma ya ji kunyar daɗin. In ya yi shiru, Nasir zai haye toka, jela ta zauna inda take. Sai dai ya san yaronsa. A gwaji ma motar tana zuwa bakin rami, to ina ga ranar wasa, ga jama'a, ga ihu, ga Nasir da tun yana yaro ba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ya ga uwar bari? Ranar ba leƙen ramin za ta yi ba, ciki za ta faɗa.

Zainaba ta lura tuwo ya huce a gabansa, ta matsa masa sai da ya faɗa mata. Mace ce mai kaifin kai, kafin ya rufe baki ta samo hanya.

“Baban Ummi, ai abin mai sauƙi ne. Ka je wurin Malam ka ce motar ba ta da birki, ka gani da idonka. Maganarka ba zai musa ba. Ya hana ta shiga, yaro ya tsira da ransa, kai ka tsira da jelarka. Wa aka cuta?”

Baballe ya daɗe yana juya maganar, don ta yi masa daɗi ƙwarai. Can ya ce, “Motar tana da birki, Zainaba. Ta fi tawa birki.”

Ta ce to ai ba wanda ya sani. Ya ce shi ya sani, kuma shi ne zai riƙa kallon jelar kullum. Ta kwashe kwanukan da ƙarfi, ta ce taurin kan nan da shi za a binne shi, sannan ta je ta ɗora masa ruwan gashin ƙafa.

Ana gobe wasa ya aika aka gaya wa Nasir ya same shi a burji da hantsi, shi kaɗai. Nasir ya zo a ɗarare, yana zaton roƙonsa za a yi ya janye, har ya shirya yadda zai ƙi cikin ladabi. Ya durƙusa ya gaishe shi. Baballe bai tsaya dogon zance ba, ya ce ya buɗe bonet. Ya ɓalle murfin akwatin, ya duba, ya sa yatsa biyu ya zaro ɗan fis ɗin ya ɗaga masa.

“Ga Baturenka nan.”

Nasir ya tada mota, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Baballe ya ce ya bar ta, gaskiya take faɗa, tana gaya masa mai gadinsa ya tafi. Suka shiga tare. A ranar nan Baballe ya yi magana fiye da yadda ya yi a shekara guda. Ya nuna masa cewa da zarar tayoyi sun ƙulle, sitiyari ya mutu, ko ka juya shi har ƙarshe mota inda ta nufa za ta, don haka a miƙe ake shiga birki, ba a karkace ba. In gindinta ya fara zamewa, ka ɗan sassauta ƙafa, ka gyara, ka sake dannewa. Suka yi ta yi, suna komawa tsamiya suna zubowa, har rana ta take. Da farko motar ta riƙa juyawa tana kallon inda ta fito, Baballe yana zaginsa irin zagin da, har da ɗaga hannu zai kai ranƙwashi ya tuna da gemun. Kafin azahar shuɗiyar mota tana nome burji tana tsayawa inda aka ce ta tsaya.

Nasir ya kashe mota, ya juyo ya dubi Baballe.

“Oga, ka san fa gobe da kai zan kara.”

“Na sani.”

“To me ya sa?”

“Ina ruwanka? Ji sharaɗina. Fis ɗin nan a wurina zai kwana. Motar nan ba za ta taka kwalta ba sai na mayar da shi da hannuna. Ka bar ta a ƙofar gidan Malam ka hau acaɓa.”

Ya tuɓe hularsa, ya cusa fis ɗin a cikin karinta, ya mayar kansa.

Ranar wasa gari ya tashi da zafi mai nauyi, irin wanda manoma ke murna da shi, hadari yana ta haɗuwa daga gabas. Mutanen Zurgu da na Lausu sun zo a kan babura, masu rake da masu ƙanƙara sun kafa kasuwa, 'yan Hisba suna ta mayar da jama'a gefen hanya. Malam Muhammad Sani ya fito da kwanon toka, ya sunkuya ya ja layinsa tsaf daga wannan gefe zuwa wancan, ya yi addu'a, ya zauna a kan buzunsa. Aka yi ta karawa biyu-biyu, wasu suka haye toka aka yi musu dariya, wasu tsoro ya sa suka tsaya can baya aka fi yi musu dariya. Kamar yadda kowa ya zata, ƙarshe ya rage Baballe da Nasir. Masu maganar Bature suka ce hayaƙin ne ya yi aiki.

A gindin tsamiya Baballe ya dafa gwiwarsa, ya ce mata a ransa, yau ɗaya dai, ki rufa mini asiri. Aka sauke tutar fara wasa.

Nasir ya wuce shi tun a farko, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma Baballe ya san burjin nan kamar tsakar gidansa, ya san inda tsakuwa ta yi laushi da inda ta daskare, ya bi ta gefen da ya fi tauri ya riƙa cin tazarar a hankali. Da suka doso toka kafaɗa da kafaɗa suke. Nan ne ake gane direba, don duk wanda ya riga taka birki ya bar wa ɗan'uwansa gaba. Mutane suka fara ja da baya. Malam da kansa ya miƙe tsaye. Sai ƙarar ta tashi lokaci guda, tayoyi takwas suna noman ƙasa, ƙura ta rufe komai, tsakuwa tana zuba a kan masu kallo.

Ƙafar ba ta ci amanarsa ba. Ko motsi ba ta yi ba, ta danne kamar ta saurayi, kuma tun da Baballe yake bai taɓa yin tsayuwa mai kyan wannan ba. Da ƙura ta lafa aka ga motocin biyu a jere, babu wadda ta taɓa toka. Malam ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna ya auna da hannunsa. Tsakanin tayar Baballe da layi, taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Tsakanin ta Nasir da layi, tafin hannun Malam bai shiga ba sai a karkace.

Baballe ya ji abin har cikin ƙashinsa. Da ƙafar ce ta yi rawa, da ya sami abin da zai gaya wa kansa. Ba ta yi ba. An kayar da shi ne yana kan ganiyarsa, kuma da hannunsa ya koya wa mai kayar da shi. Ya zauna a motar yana jin ihun jama'a, baƙin ciki ya cika shi, a ƙarƙashinsa kuma ga wani alfahari da ya ƙi ɓoyuwa, don tsayuwar da yaron nan ya yi irin tasa ce sak.

Samari suka ɗaga Nasir sama, suka sauke shi a motarsa, abokansa suka cika kujerar baya, babura suka jeru za a raka gwani Rano. Iska ta taso, aka fara yayyafi. Murna ta sa Nasir ya manta da komai, ya tada mota ya juya ta ya nufi inda burji ya haɗu da kwalta, 'yar fitilar nan tana ci a gabansa bai ko kalle ta ba. Ruwan farko ne kuwa, wanda ke mayar da kwalta kamar an shafa mata man gyaɗa.

Sai ga Baballe a tsakiyar hanya, hannu a sama. Da gudu ya yanko ta cikin gona. Wasu cikin jama'a suka fara raɗa, wai tsoho bai yarda da awon ba, zai yi rigima. Wani ma har ya ce haba Baballe, a girmanka. Bai kula su ba. Ya buga bonet da tafin hannu, Nasir ya buɗe ya fito jiki a sanyaye, don ya tuna.

Baballe ya tuɓe hula ya ciro fis ɗin, ya sunkuya a kan injin. Gudun da ya yi ne ya tashe ta. Ƙafar ta kama rawa, rawar da ba ta taɓa yin irinta ba, gwiwarsa tana bugun ƙarfen gaban motar ƙwas-ƙwas-ƙwas. Bonet ya kare shi daga jama'a, amma Nasir yana tsaye a gefensa. Ya dubi ƙafar, ya dubi fuskar ubangidansa, ya tuna watannin da ya yi yana zaman benci wai aikin ƙungiya. Sai ya matso ya tsaya ta yadda jikinsa zai rufe ɗan wurin da ya rage.

Fis ya koma gurbinsa. Baballe ya ce a kashe a sake tayarwa, aka yi, fitilar ta kama ta mutu. Ya sa hannu a aljihu ya ciro jelar, wadda ya kwance tun yana cikin motarsa, ya leƙa ta taga ya ɗaura ta a madubin Nasir, ya ja ƙullin sau biyu. Ya jefa wa wani direba makullin tsohuwar motarsa ya ce ya taho da ita.

“Kai ni gida,” ya ce wa Nasir. “In ta ture ka a kwalta, kada ka ɗaga ƙafa. Nan aikinta ne.”

Ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza, wurin da rabonsa da shi tun yana koyon mota. Suka hau kwalta ruwa yana zuba, babura suna ta oda a bayansu. Ƙafar ba ta daina ba, yanzu ƙofar motar take bugu a hankali, kuma samarin da ke baya sun fara yin shiru suna neman inda ƙarar ke fitowa. Ɗaya ya ce kai, ko dai Baturen ne ya dawo?

Nasir ya ce ai ƙofar ce, tun Kwatano take haka. Ya miƙa hannu ya kunna rediyo, ya ƙure murya, ya bar ta a haka har ƙofar gidan Baballe.